Auna Gudun Iska Da Hargitsinta Kafin A Kafa Famfon Iska A Yankin Azare Da Katagum

Gabatarwa

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar 2023, kuɗin ban-ruwa ya zama babban nauyi a kan masu noman rani a fadamun Kogin Jama'are, daga garin Jama'are har zuwa garin Katagum da ke Ƙaramar Hukumar Zaki. Haka kuma al'amarin yake ga makiyayan da ke shayar da dabbobi daga rijiyoyin tudu a kewayen Azare da Gamawa da Giade. Wannan ya sa ƙungiyoyin manoma suka fara neman hanyar ɗaga ruwa wadda ba ta cin mai, wato famfon hasken rana da famfon iska.

Famfon iska tsohuwar fasaha ce. Daniel Halladay ya ƙera irinsa mai sarrafa kansa a Amurka tun a shekarar 1854. A nan ƙasar ma an kafa injinan lantarki masu aiki da iska guda 37 a Lambar Rimi ta Jihar Katsina, kowanne mai ƙarfin kilowat 275. Sai dai famfon iska ya bambanta da injin fetur ta fuska guda mai muhimmanci. Injin fetur ana ɗora shi a kan babur a sauya masa wuri, amma famfon iska da siminti ake dasa shi. Idan aka dasa shi inda iska ba ta wadata ba, ko inda take a hargitse, kuɗin ƙungiya ya salwanta, shuka kuma za ta bushe a daidai lokacin da ta fi buƙatar ruwa.

Manufar wannan bayani ita ce a nuna wa malaman gona da manoma yadda ake auna iska a wurin da ake son kafa famfo, da yadda ake fassara sakamakon, kafin a kashe ko kwabo.

Ƙaramin Bambanci Mai Babban Tasiri

Ana auna gudun iska da yawan mitocin da take shafewa a sakan ɗaya. Aikin da iska ke iya yi kuwa ana samun gwargwadonsa ne idan aka ninka gudun da kansa har sau uku. Ga misali:

- Gudun mita 2 a sakan: 2 x 2 x 2 = 8
- Gudun mita 3 a sakan: 3 x 3 x 3 = 27
- Gudun mita 4 a sakan: 4 x 4 x 4 = 64

Ke nan idan gudun iska ya ninka sau biyu, aikinta yakan ninka sau takwas. Wurin da ke da gudun mita 4 ya fi mai mita 3 bayar da ruwa fiye da ninki biyu, alhali a jikin mutum bambancin kaɗan ne. Kuskuren mita ɗaya a awo yana iya rushe lissafin ruwa gaba ɗaya.

Don haka ne matsakaicin gudu shi kaɗai ba ya wadatarwa. A ɗauki wurare biyu masu matsakaicin mita 4. A wuri na farko iska tana tafiya da mita 4 dare da rana, lissafinta 64 ke nan. A na biyu tana yin rabin lokaci da mita 2, rabi da mita 6, lissafinta kuwa 8 da 216 a raba biyu, wato 112. Wuri na biyu ya fi yawan ƙarfi, amma a rabin lokacin famfo a tsaye zai kasance, domin galibin famfunan iska ba sa fara juyawa sai gudu ya kai mita 2.5 zuwa 3. Mai irin wannan wuri yana buƙatar babban tanki. Wanda ya tsaya ga matsakaici kawai ba zai san da wannan ba.

Yadda Iska Ke Sauyawa A Wannan Yanki

1. Sauyin lokutan shekara. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ce ke kaɗawa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da mafi yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Da bazara, yayin da iskar hunturu ke ja da baya kuma ta damina ba ta kankama ba, iska takan riƙa sauya fuska, wasu kwanakin ma ta kwanta, sai guguwa da ke tashi da tsakar rana. Da damina iska daga kudu maso yamma take zuwa, amma hadari daga gabas yake tasowa da iska mai tsananin ƙarfi ta ɗan gajeren lokaci. A ƙarshen damina zuwa kaka, wato Satumba da Oktoba, iska ta fi rauni. A lura cewa watannin Maris da Afrilu su ne na tsananin zafi, lokacin da shuka da dabba suka fi shan ruwa. Wanda ya yi hukunci da iskar Janairu zai ji kunya a Afrilu.

2. Sauyin yini. Da dare ƙasa takan huce, iskar da ke kusa da ita ta kwanta, alhali can sama tana gudu sosai. Bayan fitowar rana, ƙasa ta ɗauki zafi, sai iskar sama ta gauraya da ta ƙasa. Shi ya sa a lokacin rani iska ta fi ƙarfi da hantsi, ta ragu wajen la'asar. Wanda ke awo da hantsi kaɗai zai samu adadin da ya zarce gaskiya, mai yi da asuba kaɗai kuma zai samu wanda ya gaza.

3. Sauyin tsawo. Ƙasa da ciyayi da gine-gine suna rage wa iska gudu, saboda haka gudun yana ƙaruwa yayin da ake yin sama. A fili mai gajeriyar ciyawa, gudun da ke tsawon mita 10 yakan kai kimanin ninki 1.3 na wanda ke tsawon mita 2. Mita 3 a ƙasa ya zama kusan mita 4 a sama ke nan.

4. Sauyin sakan zuwa sakan. Wannan shi ne hargitsin iska, kuma za a yi bayaninsa a gaba.

Kayan Awo

Ma'aunin gudun iska, wanda ake kira anemomita, iri-iri ne. Wanda aka fi sani shi ne mai kofuna da ke juyawa a kan sanda, wanda Thomas Romney Robinson ya ƙirƙiro a shekarar 1846 a Ailan.

a) Mai ƙirga kilomita. Wannan shi ake gani a tashoshin yanayi na gonakin gwaji, galibi a tsawon mita 2. Ana karanta lambarsa sau ɗaya a rana a lokaci guda, a ɗebe ta jiya daga ta yau, a raba abin da ya rage da 86.4. Idan ya ƙirga kilomita 260 a awa 24, matsakaicin gudu mita 3 ne a sakan. Yana da juriya, amma ba ya nuna hawa da saukar iska a cikin yini.

b) Na hannu mai batir. Yana da sauƙin kuɗi, yana nuna gudu nan take. Aibinsa shi ne a tsawon mutum yake awo, kuma sai da mai karantawa a wurin.

c) Mai haɗe da na'urar adana bayanai. Wannan ne ya fi dacewa. Yana ɗaukar awo kowane sakan ko biyu, ya adana matsakaici da mafi girman gudu da gwargwadon hargitsi na kowane minti 10. Akan haɗa shi da ma'aunin fuskar iska da ƙaramin allon hasken rana. Ƙungiyoyi da yawa za su iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya su riƙa karɓa-karɓa.

Inda babu ko ɗaya, ana iya kintace da ma'aunin Beaufort, wanda ya samo asali a shekarar 1805:

- Hayaƙi na tashi a miƙe: iska ta kwanta.
- Ana jin iska a fuska, ganye na motsi kaɗan: mita 1.6 zuwa 3.3.
- Ganye da ƙananan tsirgu ba sa daina motsi, tuta na buɗewa: mita 3.4 zuwa 5.4.
- Ƙura da takardu na tashi, ƙananan rassa na kaɗawa: mita 5.5 zuwa 7.9.
- Ƙananan itatuwa na rangaji: mita 8 zuwa 10.7.
- Manyan rassa na kaɗawa, wayar lantarki na fito: mita 10.8 zuwa 13.8.

Wannan kintace yana taimakawa wajen tace wurare, a ware marasa amfani, amma bai isa a dogara da shi a sayi famfo ba.

Akwai kuma bayanan Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, wato NiMet, daga tashoshinta irin na Potiskum da Nguru da Bauchi da Kano, da taswirar iska ta duniya mai suna Global Wind Atlas, wadda ake samu kyauta a intanet. Amfaninsu shi ne su nuna ko shekarar da aka yi awo ta yi daidai da sauran shekaru. Ba za su maye gurbin awo a gona ba, domin Potiskum ma tana nesa da Azare da kusan kilomita 100, kuma taswira ba ta san da kukar da ke gefen rijiyar manomi ba. Idan an samu bayanai da ma'aunin not, irin na filayen jirgin sama, not ɗaya daidai yake da mita 0.51 a sakan. Mita ɗaya a sakan kuwa kilomita 3.6 ne a awa.

Yadda Ake Gudanar Da Awo

1. A kafa ma'auni a daidai inda rijiya take, domin a kanta famfon zai zauna.
2. A ɗaga shi zuwa tsawon da farfelar famfo za ta kasance. Idan ba a tsayar da wannan ba tukuna, a yi amfani da mita 10, wanda shi ne tsawon da Hukumar Yanayi ta Duniya ta amince da shi.
3. A yi amfani da bututun ƙarfe mai ƙwari, a ɗaure shi da waya ta fuska huɗu, a tabbatar ya tsaya a miƙe. Kada a ɗaura ma'auni a kan rufin ɗaki ko a jikin itace.
4. A sa masa wayar kariya daga tsawa kafin damina, a kuma kewaye shi saboda dabbobi da yara.
5. Idan na hannu ne, a riƙa awo sau shida a rana: da asuba, da hantsi, da azahar, da la'asar, da magariba, da kuma bayan isha. Mai awo ya fuskanci iska, ya ɗaga hannu sama, kada jikinsa ya tare ta.
6. A rubuta kwanan wata da lokaci da gudu da fuskar da iska ta fito. Ranar da iska ta kwanta a rubuta sifiri, kada a bar gurbin babu komai. Ranar da ba a samu yin awo ba kuwa a ja layi.
7. A riƙa goge ƙura daga ma'auni kowane mako biyu a lokacin hunturu, domin ƙura tana daskarar da boris, sai ma'auni ya nuna ƙasa da gaskiya.
8. A ci gaba har wata 12. Idan hakan ba zai yiwu ba, lallai awon ya game dukkan watannin da za a buƙaci ruwa, wato daga Oktoba zuwa Mayu ga mai noman rani.

A ƙarshen kowane wata malamin gona ya fitar da abu huɗu: matsakaicin gudu na watan, da yawan awannin da gudu ya haura mita 3, da kwanaki mafi yawa a jere da iska ta kwanta, da kuma gudu mafi girma da aka gani.

Hargitsin Iska

Duk wanda ya lura da ruwan Kogin Jama'are da damina ya ga yadda yake tafiya sumul a tsakiya, amma yake murɗawa yana komawa baya idan ya ci karo da kututture. Haka iska take yi a bayan itace ko gini ko tudun yashi. Zafin ƙasa da tsakar rana shi ma yana haddasa hargitsi, guguwar bazara kuwa ita ce misalin da ido ke gani.

Illar hargitsi biyu ce. Ta farko, wutsiyar famfo takan yi ta kai-komo tana neman fuskar iska, farfela ba ta samun cikakken juyi, ruwa ya ragu. Ta biyu, fukafukai da sandar famfo da boris suna shan fizga ba ƙaƙƙautawa, har walda ta tsage, kusoshi su kwance. Famfon da ya kamata ya yi shekaru da dama sai ya koma hannun mai gyara tun yana sabo.

Hanya mafi sauƙi ta gano hargitsi ita ce ta ƙyalle. A samu doguwar gora, a ɗaura mata ƙyallaye marasa nauyi masu tsawon mita ɗaya, ɗaya a kowace mita, a tsayar da ita ranar da ake iska. Ƙyallen da ya miƙe ya fuskanci wuri ɗaya yana cikin iska mai kyau. Wanda ke murɗewa yana naɗe gora yana cikin hargitsi. Dole farfela ta kasance sama da inda murɗewar ta ƙare. A maimaita gwajin da hunturu da kuma damina, tun da iskar kowanne daga fuska dabam take zuwa.

Domin samun adadi, ana auna yadda gudu ke kaucewa daga matsakaicinsa a cikin minti 10. Ga misali da awo goma a wurare biyu:

Wuri na farko: 4, 5, 6, 5, 4, 6, 5, 5, 4, 6. Matsakaici 5.
Wuri na biyu: 3, 7, 4, 8, 2, 6, 5, 7, 3, 5. Matsakaici 5.

A ɗauki tazarar kowane awo daga 5, a ninka ta da kanta, a tara, a raba da 10. Wuri na farko ya ba da 0.6, na biyu 3.6. Sai a danna alamar √ a kalkuletar waya, a samu 0.77 da 1.9. A raba kowanne da matsakaici, wato 5. Hargitsin wuri na farko kashi 15 cikin 100 ne, na biyu kuwa kashi 38. Matsakaicinsu ɗaya, amma wuri na biyu zai lalata famfo.

A bisa ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi, kashi 10 zuwa ƙasa hargitsi kaɗan ne, daga 10 zuwa 25 matsakaici ne, abin da ya haura 25 kuwa ya yi yawa. A yi wannan lissafi ne lokacin da gudu ya kai mita 4 ko fiye, domin iska mai rauni kullum adadin hargitsinta yakan fito da girma. A aikace ya fi kyau a ɗauki awo kowane sakan 10, wato awo 60, mutum ɗaya na karantawa ɗaya na rubutawa.

Zaɓen Wuri

Hargitsin da ke bayan itace ko gini yakan kai ninki biyu na tsawonsa a sama, ya kuma bazu har ninki 20 na tsawonsa a bayansa. Dogon yaro mai tsawon mita 10 yana iya dagula iska har nisan mita 200. Saboda haka:

- A bar fili a buɗe ta arewa maso gabas da kudu maso yamma.
- Ƙasan farfela ya ɗara duk wani abu da ke cikin mita 150 da kimanin mita 9. Inda hakan ya gagara, a nemi wani wurin.
- A yi la'akari da girman da itatuwa za su yi nan gaba, musamman mangwaro da dogon yaro da ke cikin lambu.
- A tuna cewa gawo da rani yake fitar da ganye ya zubar da damina, don haka yana tare iska a daidai lokacin ban-ruwa. Kuka kuwa akasin haka take.
- Kada a sare shingen itatuwa domin famfo. An dasa shi ne ya kare gona daga zaizayar iska da kwararowar hamada, kuma amfaninsa ya fi na famfo ɗaya.
- Kan jigawa mai gangara a hankali ya fi kwarin fadama samun iska, amma ruwan tudu ya fi nisa. A auna duka biyun kafin a zaɓa.

Juya Sakamako Zuwa Litar Ruwa

Akwai lissafin kintace da ake amfani da shi ga famfo mai fukafukai da yawa. A ninka faɗin farfela da kansa, a ninka da matsakaicin gudu sau uku kamar yadda aka nuna a baya, a ninka da 690, sannan a raba da tsawon da za a ɗaga ruwa, daga fuskar ruwan rijiya har bakin tanki. Abin da ya fito shi ne lita a rana. Ga famfo mai farfelar mita 5:

- Gudun mita 2: lita 13,800 daga mita 10, lita 4,600 daga mita 30.
- Gudun mita 3: lita 46,600 daga mita 10, lita 15,500 daga mita 30.
- Gudun mita 4: lita 110,400 daga mita 10, lita 36,800 daga mita 30.

Milimita ɗaya ta ruwa a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. Kayan lambu irin su tumatir da albasa da tattasai suna iya buƙatar milimita 6 zuwa 8 a rana a lokacin zafi, ban da abin da ke ɓacewa a cikin kwalbati da hanyar ruwa. Ke nan a gudun mita 3, famfon da ke fadama zai shayar da kimanin rabin hekta. Idan gudu ya sauka zuwa mita 2, ko kashi ɗaya cikin biyar na hekta da ƙyar zai riƙe. Ga dabbobi kuwa, idan aka ƙiyasta wa saniya lita 40 a rana, lita 15,500 za ta shayar da shanu fiye da 380. Wannan ya nuna cewa a rijiya mai zurfi famfon iska ya fi dacewa da ruwan sha na mutane da dabbobi fiye da ban-ruwa.

Yanke Shawara

A gina shawara a kan watan da buƙatar ruwa ta fi rinjayar iska, domin shi ne zai nuna iyakar abin da famfo zai iya.

1. Idan matsakaicin wannan wata bai kai mita 2.5 ba, a haƙura da famfon iska, a duba na hasken rana, wanda ya fi ƙarfi a lokacin zafi.
2. Idan yana tsakanin 2.5 da 3, famfo zai iya samar da ruwan sha da na ƙaramin lambu, tare da babban tanki.
3. Idan ya haura mita 3 kuma hargitsi bai yi yawa ba, wurin ya dace.
4. Ƙaramin injin lantarki mai aiki da iska yana buƙatar matsakaicin mita 4 zuwa 5 a tsawon da za a ɗora shi.
5. Girman tanki ya ɗauki ruwan kwanakin da awo ya nuna iska na kwanciya a jere, kada ya gaza na kwana biyu zuwa uku.
6. A tabbatar famfo yana da hanyar kauce wa iska da kansa da kuma birki, a ɗaure shi duk lokacin da hadari ya taso daga gabas.

Kammalawa

Kuɗin ma'auni da littafin rubutu ƙalilan ne idan aka kwatanta da kuɗin famfo da hasumiyarsa da tanki. Kada ƙungiya ta karɓi alƙawarin mai sayarwa game da yawan ruwa sai ya faɗi gudun iskar da ya gina lissafinsa a kai, a gwada da abin da aka rubuta a gona wata bayan wata. Manoman da ke son fara wannan awo su tuntuɓi malamin gona mafi kusa da su, ko ofishin shiyyar arewa na Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Jihar Bauchi da ke Azare, kuma ya fi kyau a kafa ma'auni tun farkon Oktoba domin a kama lokacin rani gaba ɗayansa.